Aka Ce Kunya Ce

Kwana ashirin da shida na yi da haihuwa ban kalli fuskar 'yata ba, kuma duk gidanmu ba wanda ya ga laifin hakan. Yabo ma na riƙa sha. Yanzu watanta biyar, ga ta nan kwance a gefen tabarma tana tsotsar yatsa, amma har yau idan na ga ruwa yana tafasa a kan murhu sai in ja da baya in dafa bango.

Sai dai abin bai fara daga haihuwar ba. Daga hanya ya fara.

Mijina direba ne. Ƙaramar bas yake ja tsakanin Tudun Wada, inda muke zaune, da Doguwa, fasinja a ciki, buhunan masara da dankali a sama. Hanyar ta ratsa dajin Falgore, kuma akwai wurin da waya take ɗaukewa gaba ɗaya sai mota ta fita ta wancan ɓangaren. Tun ina amarya muka saba, zai kira ni kafin ya shiga, ya sake kira idan ya fita. Tsakanin kiran nan biyu nakan yi shara in ɗora girki, ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Cikina yana wata shida ranar da kira na biyu bai zo ba. Aka yi azahar, aka yi la'asar. Sai ga abokan aikinsa uku daga tasha sun yi sallama, sun tsaya a zaure suna ta gaisawa da surukina, gaisuwar da ta ƙi ƙarewa. Ta bayan ƙyaure na ji. An tarar da motar a gefen titi, ƙofofi a buɗe, takalman mutane a warwatse. Kwana uku ba labari. A rana ta uku wasu makiyaya suka fito da shi bakin titi. Ashe da 'yan bindiga suka tare su ya samu ya faɗa daji da gudu, ya ɓata. Ƙafafunsa duk sun tsattsage, ya rame kamar wanda ya yi jinyar wata guda. Ba duk fasinjojin ne suka dawo lokacin da ya dawo ba, shi kuma har yau bai ba ni labarin abin da ya gani ba.

Aka yi sadaka, 'yan barka da arziki suka cika gida. Bayan mako biyu ya koma tuƙi, don ba shi da wata sana'ar. Kowa ya ce Allah ya kiyaye, abu ya wuce.

A jikina bai wuce ba. Wayata ta koma kamar wani sashe na hannuna, ko salla zan yi sai na ajiye ta a bakin darduma. Da zarar ya ce ga shi zai shiga daji, sai ƙirjina ya kama dukan uku-uku, bakina ya bushe, in kasa zama in kasa tsayuwa. Idan ya fito ya kira, maimakon in huce, sai in ji bugun yana nan yana jiran gobe. Babur ya tsaya a ƙofar gida, gabana ya faɗi. Aka yi sallama da muryar maza, gabana ya faɗi. Na fara mantuwa. In zuba gishiri sau biyu, in tsaya a tsakar gida riƙe da ludayi ban san me na fito yi ba, in manta raka'a ta nawa nake. Ni da malaman sakandare suke yabo da saurin hadda. Da safe nakan tashi muƙamuƙina na ciwo saboda cizon haƙora. Da na ɗan yi ƙorafi, surukata ta ce laulayin ƙarshen ciki ne, kowace mace da irin nata.

Da cikin ya shiga wata takwas aka mayar da ni gidanmu a Yako goyon ciki, kamar yadda ake yi wa duk mai haihuwar fari.

A nan sai in faɗi wani abu game da Inna, mahaifiyata. Ni ce 'yarta ta fari. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Idan tana son kirana sai ta ce "ke", idan tana maganata da wani ta ce "waccan yarinyar". Ba ta zama tabarma ɗaya da ni, ba ta tambayar lafiyata a gaban mutane. Ba ƙi ba ne, na sani, don tsokar da ta fi kyau a miya a kwanona take ƙarewa ba tare da an ce komai ba. Haka al'adar take a danginmu, kuma Inna ta riƙe ta fiye da kowa. Saboda haka da na zo gida, Gwaggo, yayar Babanmu da take zaune a sashen gabas, ita ta ɗauki ɗawainiyata. Wanka kuma na Iya ne, tsohuwar ungozomar unguwarmu, wadda ita ta yanke mini cibi.

Da hantsi na haihu, a ƙaramin asibitin garin, ban sha wata wuya ba. Aka goge jaririyar aka miƙo mini ita a zane. Na juya fuskata bango. Gwaggo ta yi dariya ta ce wa Iya ai ga jinin Inna nan ya nuna a jikina, tun ba a je ko'ina ba. Ba su san abin da ya sa na juya ba. Na duba cikin zuciyata ne ban tarar da komai ba, ba murna, ba tausayi. Kamar an miƙo mini ƙullin kayan wata a mota an ce in riƙe. Abin da ke raina shi ne ƙarfe nawa ne, ya shiga dajin ko bai shiga ba.

Aka fara wankan jego. Safe da yamma Iya za ta tafasa ruwa a rabin duro a bayan ɗakin girki, ta tsoma ganyen darbejiya ta riƙa fyaɗa mini a jiki har fatata ta yi ja. Ga kunun kanwa, ga ƙauri da yaji. A wajen wankan nan nake kukana, don tururi ya rufe, kuma duk mai jego tana hawaye a gaban ruwan Iya. Ita kuwa sai tsiya take mini, wai 'yan boko fatarsu ta takarda ce, ta yi wa uwata wanka ko tari ba ta yi ba.

Ranar suna mata suka cika tsakar gida. Ana ta zagayawa da jaririya hannu zuwa hannu, ni ina ƙuryar ɗaki na lulluɓe kai. Wata ƙawar Gwaggo ta kawo ta har cinyata don ta gwada ni, na kau da kai. Sai guɗa. Ina jin su suna cewa yaran yanzu daga gadon asibiti suke ɗaukar hoto da jariri suna sumbatarsa a gaban surukai, amma wannan duk da karatunta dubi kunya, dubi kara. Gwaggo ta ce tarbiyyar gidan nan ce, ba a saya a kasuwa. Mijina ma da ya zo ran Juma'a, muka gaisa a zaure a tsaitsaye, ya ce labarin kunyata ya kai har Tudun Wada, mahaifiyarsa ta ji daɗi. Na buɗe baki in gaya masa, sai na ga tabon ƙayar da ke ƙafarsa, na fasa.

To me ma zan ce? Cewa kukan yarinyar yana shiga kaina kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe? Cewa ko an ɗauke ta an kai ɗakin Gwaggo don in huta, idona biyu, jikina a ɗaure kamar mai jiran a bugo ƙofa? Idan aka kawo ta shan nono, nakan ba ta ina kallon bango, da ta ɗan saki in miƙa ta. Abinci ya koma kamar ƙasa a bakina. Nono ya ja baya. Gwaggo ta ƙara kanwa a kunu, ta fara ɗura wa yarinyar ruwan dabino da cokali. Akwai wani ɗan warwaron roba da aka sa mata a hannu ranar suna, ya zauna daidai. A mako na uku, ina jin Iya tana cewa warwaron nan ya fara zamewa har gwiwar hannu. Kukan ma ya canza, ya koma siriri, kamar na 'yar kyanwa a bayan rumbu.

Na ji, na kuma gane abin da hakan yake nufi. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, na gane sarai amma ko gezau zuciyata ba ta yi ba.

Rana ta ashirin da shida lokacin kaka ne, kusan duk matan gidan sun tafi maƙwabta taya ɓarar masara. Inna ma ta leƙa. Iya ta ɗora ruwan wankan yamma ta tura itace, ta ce bari ta karyo ganye a bakin masallaci ta dawo. Gidan ya yi tsit, sai kaji. Mijina ya riga ya kira ya ce zai shiga daji. Na jira, lokacin fitarsa ya yi, ya gota. Na kira, ba ta shiga. Na sake kira. Sai yarinyar ta farka ta fara wannan siririn kukan, ba wanda zai ɗauke ta.

Na tuna na ɗauke ta. Ban tuna na ratsa tsakar gida ba. Abin da na sani shi ne na tsinci kaina a tsaye a gaban duron nan, ruwa yana ta zaɓalɓala, tururi yana dukan fuskata, yarinyar tana hannuna ba a goye ba. Sai wani tunani ya zo, a natse, ba hayaniya, kamar wani ne ya raɗa mini: idan hannuwan nan suka saki fa? Wallahi ban so ba. Ban taɓa so ba. Amma tunanin ya tsaya ya ƙi tafiya, ƙafafuna kuma suka ƙi ja da baya.

Ban ji shigowar Iya ba. Hannunta kawai na gani ya zagayo ta gefena ya tallafi yarinyar, a hankali, kamar mai ɗaukar ƙwai. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta kira kowa ba. Ta ce, "Kawo ƙawata, ke zauna nan." Na zauna a kan turmi. Ta saɓa yarinyar a kafaɗa, ta sa ƙafa ta janye itacen daga murhu. A lokacin wayata ta yi ƙara. Shi ne, wai taya ce ta yi faci. Na kasa amsa masa da komai sai to.

Iya ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Matan da na yi wa wanka a garin nan ba su ƙirguwa. Mai kunyar ɗan fari ɓarauniya ce. Da ta ga ɗaki ba kowa sai ta saci kallo, ta shinshina kan yaro, ta ƙirga 'yan yatsunsa. Na sha leƙa ki ta labule. Ke ba kya sata."

Na ce, "Iya, ba kunya ba ce."

Ta ce ta sani, ta yi kwanaki tana zargi, laifinta ne da ta tsaya jiran tabbaci.

Da matan suka dawo, Iya ta tara Gwaggo da Inna a ɗaki, aka kira Baba. Ba ta faɗi maganar duro ba, har yau daga ni sai ita sai malamar asibiti muka sani, sai kuma wannan takarda. Cewa ta yi yarinya tana ƙanjamewa, uwar kuma ba lafiya, gobe a kai su asibiti. Gwaggo ta ce mai jego ba ta fita kafin arba'in, kuma wace cuta ce ba zazzaɓi ba ciwon kai? Ta ce, "Kunyar ce za a yi wa allura?" Da Iya ta dage, sai Gwaggo ta sauya, ta ce in ma da wani abu to iska ce, mai jego jikinta a buɗe yake, a nemi rubutu da hayaƙi. Baba ya ce rubutu shi zai yi da hannunsa. Ana jiran ya yanke hukunci a kan zuwa asibitin.

Inna tana bakin ƙofa, ta ba mu rabin baya kamar yadda ta saba idan maganata ake yi. Ba ta juyo ba ta ce, "Malam, a kai ta."

Baba ya gyaɗa kai. A iya sanina, ranar ce ta fara sa baki a al'amarina a gaban mutane.

Washegari muka hau ƙaramar bas ni da Iya. Malamar asibitin, wata mai kimanin shekarun Inna, ta ɗora yarinyar a sikeli, ta duba kati, fuskarta ta canza. Ta sallami Iya waje ta rufe ƙofa. Tambayoyinta ba na nono ba ne. Ina barci? Yaushe rabon da in ji daɗin wani abu? Akwai abin da ya firgita ni kafin haihuwa? Akwai tunanin da yake zuwa mini wanda nake jin tsoron faɗa? Da ta kai nan na fashe, na gaya mata komai, tun daga takalman da ke gefen titi har duron. Ina jira ta ce a karɓe yarinyar daga hannuna.

Ba ta ce ba. Ta ce abin yana da suna, ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, kuma a ƙwaƙwalwa yake, kamar yadda ciwon suga yake a jini. Da ta ji na yi sakandare sai ta ja takarda ta zana mini. Ta ce can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri da aikinsa gadi ne. Idan ya hango haɗari sai ya sa jiki ya zubo wasu sinadarai a jini, zuciya ta ƙara gudu, barci ya gudu, yunwa ta ɗauke, don mutum ya tsere. An yi shi ne don ɗan lokaci. Ni kuwa tun ranar da aka tsinci motar nan nawa bai sake kwantawa ba, kullum sai an tashe shi, wata da watanni. Ta ce in tuna injin ban-ruwa da aka tayar aka manta ba a kashe ba, ai zafi zai ɗauka ya fara cin kansa. Sinadaran nan idan suka daɗe suna yawo, suna gajiyar da sashen da ke riƙe abin da aka koya, shi ya sa mantuwa. Suna dusashe sashen da ke sa mutum ya ji daɗi ko shauƙi, shi ya sa na duba zuciyata na tarar ba komai. Sai ga haihuwa ta zo, sinadaran ciki suka sauka lokaci guda, ga rashin barci, ƙwaƙwalwar da ta riga ta gaji ta kasa ɗauka.

Na tambaye ta tunanin nan fa. Ta ce, "Firgitar da ya yi miki ita ta nuna ba halinki ba ne, ciwon ne. Amma ba za mu yi wasa da shi ba." Ta ce kada a sake barina ni kaɗai da yarinyar sai likita ya yarda, kada a bar ni kusa da wuta. Ta rubuta mini takarda zuwa babban asibiti, inda daga baya aka ba ni maganin da mai shayarwa za ta iya sha. Ta kira Iya ta ce a daina ba jaririya ruwa, a riƙa sa ta a nono akai-akai, a kuma samu wadda za ta zauna kusa da ni duk lokacin shayarwa. Iya ta ce ita tsufa ya hana ta zaman tabarma mai tsawo, amma ta san wadda za ta sa.

Ashe Inna take nufi. Washegari da hantsi Inna ta shigo ɗakina da yarinyar, ta zauna a tabarmata, gwiwarta tana taɓa tawa. Duk muka rasa inda za mu sa ido. Ta gyara mini riƙon, ta tallafi kan yarinyar da tafin hannunta. Can, tana kallon ƙofa, ta ce, "Da na haife ki, wata huɗu ban san ɗanɗanon abinci ba. Akwai rijiya a gidan kakanki, na daina bi ta wajen." Ta ja wa yarinyar zane. "Aka ce kara ce. Har kyautar zane aka yi mini."

Tun daga ranar nake tunanin sunana da ba ta faɗa, nawa ne al'ada a ciki, nawa ne abin da ya rage daga wata huɗun nan da ba wanda ya gani.

Sai da na yi wata biyu da rabi a Yako kafin na koma Tudun Wada. Warwaron ya daina zamewa, har ya matse aka cire shi. Ba rana ɗaya abin ya sake ni ba, ban ma ce ya sake ni duka ba. Wata safiya dai ina ba ta nono na lura kunnenta na hagu yana da ɗan lanƙwasa irin na ubanta, na kai hannu na taɓa, sai na ji wani abu ya motsa a ƙirjina, ƙarami, kamar motsin farko na ciki.

Yanzu a gaban kowa nake ɗaukarta. Ina kallonta a gaban surukata, ina yi mata wasa a gaban baƙi, har sunanta nake kira. Na ji an ce kunyar tawa ashe ta kwana arba'in ce, Gwaggo ma ta aiko a gaya mini in riƙa sararawa. Ba zan iya ba. Na san abin da yake ɓuya a bayan kau da kai, kuma ina tsoron idan na sake juya fuskata bango ba za a sami mai leƙa labule ba.

Mijina ya san rabin labarin, Baba ne ya zaunar da shi. Ya nemi a mayar da shi layin Kano, an ba shi kwana uku a mako. Sauran kwanakin yana ratsa dajin. Idan ya kira ya ce zai shiga, nakan ɗauki yarinyar in tafi ɗakin surukata in zauna, haka muka yi da likita. Jiya kira na biyu ya yi jinkiri. Bakina ya bushe, bugun nan ya dawo kamar bai taɓa tafiya ba. Surukata tana tsince shinkafa tana ba ni labarin wani biki, ba na jin ko kalma ɗaya. A murhu ruwan tuwonta ya fara tafasa. Na juya masa baya, na kwantar da yarinyar a cinyata, na kama hannunta ina ƙirga yatsun ɗaya bayan ɗaya, in kai biyar in sake farawa, wayar tana gefen ƙafata ba ta yi ƙara ba tukuna.